Babur ɗin da Aka Yi wa Wanki da Guga

Akwai wani mai wanki da guga da duk layinsu aka manta sunansa na gaskiya. Ƙaramin-aiki ake ce masa, saboda duk abin da aka ambata a gabansa, ko rufin gida ne ya zube, ko haƙorin mutum ne ke ciwo, ko jirgin sama ne ya ƙi tashi, amsarsa ɗaya ce: ƙaramin aiki ne, da shi aka kira da tuni an wuce wurin. Wanki kam ya iya, ba a ja da shi a nan. Inda matsalar take, ya yarda har cikin ransa cewa duk wata lalacewa ta duniya datti ne ke kawo ta, kuma duk abin da ya ji ruwa da sabulu dole ya dawo hayyacinsa.

Shagonsa na bakin wani gidan haya, shi da matarsa suna zaune a ɗakin baya. A tsallaken titi akwai rumfar wani bakanike, kuma ba sa ga maciji da juna tun ranar da bakaniken ya zo gaisuwa ya dafa farin zanen gado da hannun baƙin mai.

Ƙaramin-aiki yana da wani tsohon babur da yake kai wa mutane kayansu da shi. Babur ɗin ya ɗan fara tari in an hau tudu, ba wani abin tashin hankali ba. Matarsa ta ce ya tsallaka da shi a duba masa. Sai ya fito ƙofar shago, ya ɗaga murya yadda za a ji a tsallake, ya ce shi bai ga yadda mutumin da ya kasa wanke farcensa zai iya tsabtace inji ba. Ya ce da hannunsa zai yi wa babur ɗinsa sabis, kuma in mutane suka ga aikin, zai sa a ƙara rubutu a allon shagonsa: ana wankin kaya, ana wankin inji. Bakanike kuwa benci kawai ya jawo bakin rumfarsa, ya zauna ya harɗe ƙafa.

Ranar da ya zaɓa don wannan aiki ita ce ranar da bai kamata ba. Yayan matarsa shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon unguwa, kuma da yammacin ranar za su buga wasan ƙarshe na cin kofi, abin da ba su taɓa kaiwa ba tun da aka kafa ƙungiyar. Koci ya ba shi wankin rigunan 'yan wasa ne don darajar ƙanwarsa, duk da 'yan wasan sun yi ta gunaguni. Ya kuma ja masa kunne cewa dokar gasar ba ta da wasa: ƙungiyar da aka hura usur ba ta cikin rigunanta, an cinye ta ke nan ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Rigunan kuwa sun wanku, sun gogu, an ɗaure su a ƙunshi tun da safe. Kai su ne kawai ya rage.

Ya shigar da babur tsakar gida, ya jera bahon wanki, ya kwance duk abin da sifana ta kama. Filogi ya sha buroshi da garin sabulu. Kafireta ya jiƙa ta a ruwan ɗumi kamar yadda yake jiƙa wuyan riga. Tankin mai ya ɗauraye shi har sai da ya daina warin fetur, sannan ya ɗiga masa bula kaɗan don cikinsa ya yi haske. Wayar kuloci ya ga ta yi laushi da yawa, sai ya tsoma ta a sitaci don ta tsaya ƙyam. Da ya zo kan soson nan da ke tace iskar inji, ya wanke shi ya matse, ya ga ya yamutse, ransa bai so ba. Ya ɗora masa dutsen guga. Soson ya yi wani ɗan ƙara, ya narke, ya manne a gindin dutsen.

Matarsa tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo. Ta tambaye shi ko haka ake yi. Ya ce soson ne jabu, na ƙwarai ba ya tsoron wuta. Ya kwance bakin ƙunshin 'yan ƙwallo, ya zaro safar mai tsaron gida, doguwa mai kauri, ya naɗe ta ya cusa a gurbin soson. Ya ce aro ne kawai, da sun isa fili zai ciro masa abarsa.

Da ya gama mayar da komai, babur ɗin ya yi kyau, gaskiya ce. Yana ƙyalli, yana ƙamshin lemun tsami. Ya zuba sabon mai, ya turo shi ƙofar shago inda kowa zai gani, ya buga kik. Inji ya tashi. Ƙaramin-aiki ya juya ya kalli tsallaken titi, ya buɗe baki zai yi magana, sai inji ya yi atishawa ya mutu. Wani ƙwallon kumfa ya fito daga salansa, ya tashi sama a hankali, ya ratsa titi, ya fashe a kan hular bakanike.

Ya sake bugawa. Inji ya tashi, ya mutu. Ya yi ta bugawa har takalminsa ya tsinke, kowane bugu da nasa kumfar. Mutanen layi suka fara taruwa. Mai shayi ya ce mura ce ta kama injin, tun da an yi masa wanka da sassafe. Mai aski ya ce ai babur irin wannan dattinsa ne ke riƙe da shi. Wani tela, maƙwabcinsa, mutum mai jiki da sanyin hali, ya ce cikin ladabi ko a kira na tsallake ya ɗan leƙa.

"Bai bushe ba ne," in ji Ƙaramin-aiki. "Ku duka ba wanda ya taɓa wanki a cikinku? Ana sa kaya da danshi?"

Aka koma tsakar gida. Ya fara da fanka, ya kunna ta a bakin salansa. Bai ga canji ba. Ya ɗauko dutsen guga na gawayi ya nufi tankin mai da shi, yana cewa ɗan ɗumi kawai zai ba shi. Kafin ya kai, tsakar gida ta watse. Mai aski ya tsallake katanga, mai shayi ya shige banɗakin mutane ya sa sakata. Matarsa ce ta fizge dutsen daga hannunsa ta tsoma a baho, ta ce in mutuwa yake so ya bari ta kwashe kwanukanta tukuna.

To, tun da an hana shi guga, sai shanya. Ya ce a kama masa a rataye babur ɗin, kai ƙasa, ruwan ya tsiyaye. Igiyar shanya ba za ta ɗauka ba, don haka ya ɗaura igiyar rijiya a ƙarfen rumfar da mai gidan hayar, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, take zama a ƙarƙashinta da rana. Tela da waɗanda suka dawo daga gudu suka kama, aka ja, babur ya tashi sama yana lilo. Ƙaramin-aiki, saboda sabo, har da maƙala masa abin matse shanya a madubi.

Inna ta fito daga ɗaki da butarta, ta ɗaga kai ta ga babur a inda ta saba ganin inuwa. Ta tambaya wane laifi ya yi aka rataye shi. Ya ce, "Inna, iska yake sha, yanzu za a sauke." Bai rufe baki ba rumfar ta amsa, ƙarfen ya lanƙwashe, kwanon rufi ya biyo baya, komai ya sauko lokaci ɗaya. Kajin Inna suka bi ta kan mutane suka fice titi. Inna ta tsaya cikin ƙura ta ce ba za ta yi magana yanzu ba, sai ta zauna ta tattara kalmomin da suka dace, amma ya fara neman kwalin kwashe kayansa daga gidanta.

Babur ya faɗi a gefensa na hagu. Ƙaramin-aiki, don ya nuna wa jama'a ba abin da ya same shi, ya taka kik ɗin yana kwance a ƙasa. Inji ya tashi. Aka jira ya mutu, bai mutu ba. Yana ta kiɗinsa lafiya lau, tayar baya na juyawa a iska. Aka ɗaga shi tsaye, ya mutu nan take. Aka karkata shi hagu aka buga, ya tashi. Aka miƙe shi, ya mutu. Aka gwada dama, ko tari bai yi ba.

Ƙaramin-aiki ya goge gumi, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko? Ashe bahago ne. Duk shekarun nan bakanikai suna tilasta masa dama, datti ya rufe halinsa. Yau da ya ji sabulu ya dawo asalinsa."

A lokacin ne wayar matarsa ta yi ƙara. Koci ne, yana tambaya ina riguna, 'yan wasa har sun fara motsa jiki da singileti. Ta ce ga shi nan tafe. Tana kashewa ta rungumi ƙunshin za ta fita ta tari mota. Ƙaramin-aiki ya riƙe ɗaya gefen. Ya ce in ta fita da kayan nan a hannu a gaban mutumin tsallake, ta gama da shi a layin nan har abada. Ya rantse cewa a kan babur ɗin nan rigunan za su isa fili, kuma ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba sai a bakin raga. Suka yi ta ja har ƙullin ya fara kwancewa, ta saki. Ta ce in Yaya ya tambaye shi, ya ce ita ta yi tafiya tun jiya, ba ta san komai ba.

Saura abin da zai riƙe babur a karkace. Ya ɗaure ƙunshin a gefen hagu, nauyin bai isa ba. Sai idonsa ya faɗa kan tela. Telan dama yana son zuwa kallon wasa, aka ce masa ga hanya kyauta. Aka zaunar da shi a baya a gicciye, rabin jikinsa na reto a hagu, aka ce ya riƙe ƙarfen kaya kada ya kuskura ya gyara zama. Suka fita daga gida a karkace, kumfa na bin su. Bakanike ya miƙe, ya rufe rumfarsa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya hau nasa babur ya bi su a hankali.

Babur da ya karkata hagu kuwa hagu yake zuwa. Titi miƙaƙƙe ya zama musu wahala, sai sun tafi kaɗan su yi zobe su dawo su ƙara gaba. In hanya ta ce a yi dama, sai su yi ta shiga lungunan hagu har su zagayo su ɓullo inda suke so. Suka wuce ta ƙofar shagon wani mai sayar da katifa, suka gaishe shi, ya amsa. Can suka sake wucewa, suka gaishe shi, ya amsa. Da suka sake ɓullowa sai ya ce su dai faɗi gaskiya, in katifar suke so a yi ciniki. Kulocin da ya sha sitaci ya ƙi matsuwa, don haka a giya ɗaya suke tafiya, inji na kuka kamar ana yanka shi. Tela ya ce ƙafarsa ta dama ta mutu. Ƙaramin-aiki ya ce ba komai, yau ba a bukatar dama.

A haka suka iso babban shataletalen da ke kusa da filin wasa. Ana hango tutoci, ana jin hayaniyar 'yan kallo. Suna shiga shataletale babur ya samu abin da yake so. Hanya ce da ba ta da komai sai hagu. Ya saki jiki, ya daina tari, ya yi gudun da bai taɓa yi ba tun yana sabo. Ƙaramin-aiki ya waiga ya tabbatar bakanike na gani.

Sai aka zo mafita. Mafitar shataletale kuwa dama take. Ya ɗan miƙe kan babur, inji ya fara shaƙewa, ya yi maza ya koma hagu. Suka wuce hanyar fili. Ya ce wa tela kada ya damu, a zagaye na gaba za su fita. A zagaye na gaba ma haka. Tela ya ce a tsaya kawai su ƙarasa da ƙafa, ga fili can ana gani. Ƙaramin-aiki ya duba madubi, ya ga bakanike a bayansu yana tuƙi da hannu ɗaya, fuskarsa a sake kamar mai yawon shan iska. Ya ce ba mai sauka.

Akwai jami'in hanya a tsakiyar shataletalen, a kan ɗan dandamalinsa. Da farko ya ɗaga musu hannu su wuce. Da ya ga sun dawo ya sake ɗagawa. Da abin ya yi yawa ya hura usur ya ce su tsaya. Ƙaramin-aiki ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ya—" suka wuce. Da suka zagayo ya ce, "—son tsayuwa, saboda—" suka wuce. Jami'in ya yi ta juyawa a kan dandamali yana bin su da ido don ya ji ƙarshen maganar, har jiri ya ɗebe shi ya zauna.

Masu baburan haya da ke jiran fasinja a gefe suka ga babur biyu na zagaye, na gaba yana fitar da kumfa, ga wani babban mutum na reto a gefe yana ɗaga hannu yana kiran jama'a. Ba su san taimako yake nema ba. Suka ɗauka murna ake yi, wataƙila ƙungiyar unguwa ta ci kofi. Ɗaya ya shiga layi yana hon, saura suka biyo. Masu keke suka shiga. Wani mai motar ɗaukar yashi ya shiga shi ma, yana tambayar na kusa da shi wa ya ci. Kafin wani lokaci shataletale ya cika maƙil da masu zagaye, duk hanyoyin da ke shigowa suka toshe. A cikin waɗanda suka maƙale har da motar alƙalin wasa da bas ɗin ƙungiyar da za a kara da ita.

Labari ya kai fili cewa riguna suna shataletale suna zagaye. Koci ya fito da gudu, 'yan wasansa na biye da shi, wasu da singileti wasu ba riga, 'yan kallo kuma suka biyo su. Suka tsaya a bakin hanya suna kallon rigunansu na wucewa suna dawowa. Koci ya yi ta kira ya jefo ƙunshin.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka," in ji Ƙaramin-aiki da ya zo saitinsa. Da ya zagayo ya ƙara da cewa, "A hannu zan ba ka, ba a jifa da kayan guga."

Daga nan ne injin ya gaji da shaƙar iska ta cikin safa, ya haɗiye ta gaba ɗaya. Aka ji wata ƙara kamar an fasa buhu. Salansa ta tofo zare da kumfa da shuɗin hayaƙi a fuskar bakanike, tayar baya ta tsaya cak. Tela ya gangara hagu, inda dama rabinsa yake, ya mirgina cikin furannin tsakiyar shataletale ya kwanta, ya ce kada wanda ya tashe shi, nan ya fi ko'ina daɗi yau. Ƙaramin-aiki ya tashi sama ya sauka a kan dandamalin jami'i. Ƙunshin ya fashe a tsakiyar titi, rigunan suka baje, kuma duk jerin masu murnar nan suka bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, har da motar yashi.

Kyaftin ɗin ƙungiya ya ɗaga rigarsa da yatsa biyu, ga sawun taya tun daga wuya har ƙasa, lambar baya ta koma ba a gane ta. Mai tsaron gida yana ta bin titi da safa ɗaya a hannu yana neman 'yar'uwarta. Alƙalin wasa ya sauko daga mota, ya dubi rigunan, ya dubi agogonsa, ya ce shi bai ga ƙungiya cikin riga ba, ya ga dai tsummokara. Nan a bakin shataletale ya hura usur ya ba baƙi kofi. Suka yi murnarsu ta tagar bas.

Motar jami'an hanya ta iso, babbansu ya fito. Ya zagaya babur ɗin, ya buɗe tanki ya shinshina, ya ji ƙamshin lemun tsami. Ya tambaya wane bakanike ne ya yi wannan ɗanyen aiki, don shi za a fara kamawa. Idanun jama'a duka suka koma kan mutum ɗaya da ke wurin cikin kayan aiki masu baƙin mai, da sifana a aljihu, wanda kowa ya ga yana bin babur ɗin tun daga farko. 'Yan wasa suka kewaye shi. Bakanike ya fara rantsuwa cewa ko taɓa babur ɗin bai yi ba, amma ba mai saurarensa. Wani jami'i har ya riƙe masa wando.

Ƙaramin-aiki yana zaune a kan dandamali, ba wanda ya kula da shi. Hanya a buɗe take ta bayansa, da ya sulale da ya kai gida. Amma ya ji babban jami'in yana cewa, ko ma waye, bai taɓa ganin injin da aka kwance aka tsabtace haka ba tun da yake aiki. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ranka ya daɗe, a sake shi. Wannan ina ya iya irin wannan aiki? Dubi farcensa. Ni na yi, da hannuna, tun daga filogi har tanki, ba wanda ya kama mini ko noti ɗaya."

Koci ya cire usur daga wuyansa ya ba kyaftin ya riƙe masa, ya fara naɗe hannun riga a hankali. 'Yan wasa suka saki bakanike suka juyo. Babban jami'in ya dubi yawansu, ya dubi Ƙaramin-aiki, ya buɗe ƙofar mota ya ce ya shiga da sauri, ba don kamu ba, don lafiyarsa.

Ya shiga yana ɗaga wa jama'a hannu. Mota ta ja, takalman ƙwallo na sauka a kan rufinta. Da suka ɗan yi nisa ya karkata kai ya kasa kunne, sannan ya taɓa kafaɗar direba, ya ce yana jin wata 'yar ƙara a injin nan tun ɗazu, in an isa ofis a taimaka masa da bokiti da ruwan ɗumi.

Suna isa direban ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihun ciki, ya fita ya hau kan murfin injin ya zauna, kuma bai sauka ba sai da ya ji an shiga da Ƙaramin-aiki ofis an rufe ƙofa.